Rubutun buroshi na Jafan: ta ina mai hannun ƙalami zai fara a zafin Jidda?

Ɗalibin Khaɗɗi, Jidda

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Malamaina da yayyena na wannan zaure, ina neman haske a kan rubutun hannu na mutanen Jafan, wanda suke kira shodo. Hannuna ya ɗan saba da ƙalamin gora, ina taɓa khaɗɗi, wato rubutun ƙawa na Larabci, salon naskhi da ruƙ'a, amma ban taɓa riƙe buroshi da niyyar rubutu ba. Irin na zamanin nan ne ya ja hankalina, wanda za a shimfiɗa takarda a ƙasa kamar tabarma, mutum ya ɗauko buroshi mai girman tsintsiya ya rubuta harafi ɗaya tak, sannan a ce harafin ya fallasa halin da zuciyarsa take ciki, kuma yawan yin sa yana gina natsuwa da ƙarfin hali.

Wane kaya mai farawa yake bukata, kuma zai jure zafi da gumin Jidda? Ta yaya layin tawada zai nuna wa mutum kansa, a aikace ba a baki ba? Sannan na ji ana danganta abin da addinin Buda, to ina iyakar da Musulmi zai tsaya? Allah Ya saka da alheri.

Mai Kurtu, Makka

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Bari in ɗauki maganar kaya, don a nan ne masu farawa suke ɓarnar kuɗi tun kafin su ja layi goma.

Abu huɗu ne ginshiƙi: fude, wato buroshi; sumi, sandar tawada; suzuri, dutsen da ake niƙa ta a kai; sai takarda. Ƙari a kansu akwai shimfiɗar ulu baƙa da ake sawa ƙarƙashin takarda, da ƙarfen danne kanta. Tsohon bargo mai laushi da ba shi da ƙulli-ƙulli zai tsaya a madadin shimfiɗar, duk wani dogon ƙarfe mai nauyi kuma zai danne takarda.

Sumi busasshiyar sanda ce. Kunkunniya ake kwaɓawa da danƙon fatar dabba, wanda suke kira nikawa, a ɗan sa ƙamshi, a matse a cikin mazubin katako, a busar cikin toka, sannan a rataye ta watanni. Kunkunniyar iri biyu ce. Akwai ta hayaƙin mai, kamar man riɗi, mai laushi da baƙi mai sheƙi. Akwai ta hayaƙin itacen matsu, wadda in an tsinka ta da ruwa takan ba da toka-toka mai ɗan shuɗi. Garin Nara ne yake yin kusan kashi 90 cikin 100 na sandunan Jafan, gidan Kobaien na can yana wannan sana'a tun 1577, kuma ko su da sanyi kaɗai suke yin ta, daga wajen Oktoba zuwa Afrilu, saboda danƙon fata yana ruɓewa da zafi. Riƙe wannan da kyau, don yawancin matsalar da za ka gamu da ita a Jidda daga nan ta taso.

Tawadarmu ta allo ma kunkunniya ce ko gawayi, sai dai da ƙaro ake ɗaure ta. Bambancin shi ne ƙaro yana sake narkewa in ruwa ya taɓa shi, shi ya sa allo yake wankuwa, nikawa kuwa in ya bushe sosai ya kama ke nan. Don gwajin hannu tawadar ƙaro za ta yi, amma aikin da za a liƙa wa takardar baya don a rataye shi sai an jiƙa shi, kuma a nan tawadar ƙaro za ta zube. Abin da ba za ka kusanta da buroshin gashi ba shi ne tawadar zane ta kwalba mai hana ruwa shiga, da fentin roba. Suna daskarewa a gindin gashi, ba kuma sa fita.

Niƙa kuwa ga yadda take. Dutsen yana da tudu shimfiɗaɗɗe da rami a gefe guda. Kada ka cika ramin da ruwa ka riƙa jawo shi. Ɗiga ɗigo biyar ko shida a kan tudun, ka riƙe sandar a tsaye ko a ɗan karkace, ka riƙa zagayawa da nauyin hannunka kawai, ba dannawa. In ruwan ya yi kauri har kana ganin sawun sandar a dutse na ɗan lokaci kafin ya rufe, tura shi rami, ka sake ɗiga wani. Cokalin shayi biyu zuwa uku, wato mililita 10 zuwa 15, ya ishe ka takarda goma, kuma zai ci maka minti 15 zuwa 20. Wanda ya danna don ya yi sauri zai sami tawada mai tsaki-tsaki marar sheƙi. Ruwa ya zama na kwalba mai ƙarancin gishirin ma'adini, wanda ya zauna a ɗaki. Ruwa mai nauyi yana sa tawada ta yi guda-guda, mai sanyin firji kuma yana daskarar da danƙon.

Da ka gama, goge bakin sandar da tsumma har ya bushe, ka mayar da ita akwatinta na katako. In ka bar ta a jiƙe za ta tsage, in ka bar ta tsaye a kan dutse za ta manne har ta ɓantaro fuskarsa. Kada ta kwana a mota, kada ta zauna a bakin iskar mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki. Mutanen Riyad da Madina tsagewa ce matsalarsu saboda bushewar iska, ku na Jidda laima ce, tana sa sanda ta yi laushi ko fumfuna. Tawadar da ka niƙa kuma ta ranar ce kaɗai. In ta kwana a zafin nan za ta yi wari, kunkunniyar ta rabu da danƙon, layi ya fito da datti a gefe. Ƙaramar sanda mai giram 15 za ta daɗe maka. In lokaci ya ƙure akwai bokuju, tawadar shodo ta kwalba, amma ka zuba kaɗan a dutse ko faranti, kada ka tsoma buroshi cikin kwalbar.

Buroshi ɗaya ya isa da farko: mai gashi gauraye, na doki da na akuya, kaurin gindinsa kamar santimita 1, tsawon gashin 4 da rabi zuwa 5. Na akuya zalla yana shan tawada da yawa amma ya yi wa mai koyo laushi, in ya lanƙwashe ba ya miƙewa da kansa. Garin Kumano na lardin Hiroshima ne yake yin kusan kashi 80 cikin 100 na buroshin Jafan, in ka ga sunan a jikin kaya. Sabon buroshi yana zuwa a sandare da wani danƙon ciyawar teku. Murza shi da yatsu a hankali daga tsini zuwa sama, kashi biyu cikin uku, ka ɗauraye. Hular robar da ya zo da ita ka yar, mayar da ita a kan jiƙaƙƙen gashi yana karya shi yana ruɓar da gindi. Wajen wanki, a kula da famfon ƙasar nan: da rani ruwan tankin saman bene yana fitowa kamar na shayi, kuma zai narkar da abin da ya riƙe gashin a cikin gora. Tara ruwa a roba ya huce, ka riƙa matsa gindin a hankali har ruwan ya fita fari, ka daidaita tsinin, ka rataye shi kai ƙasa a inuwa. Ba sabulu.

Takardar koyo sunanta hanshi, kusan santimita 24 da 33. Gefen mai sulɓi shi ne fuska. In ba ta samu ba, tsohuwar jarida ta fi takardar firinta nesa ba kusa ba, don ta firinta ba ta shan ruwa, tawada sai ta kwanta a kai ta yi tafki.

Malamar Zane, Madina

Malam Mai Kurtu ya gama da kaya, Allah Ya ƙara sani. Ƙanena, ni hannunka nake ji, domin abin da ƙalami ya koya maka zai yi maka gardama a wuri uku.

A khaɗɗi, kauri da sirantar layi daga yankan bakin ƙalami suke zuwa, kai dai ka riƙe kusurwarka. A buroshi ba yanka, kauri daga dannawa yake, siranta daga ɗagawa, saboda haka hannu yana tafiya gefe yana kuma hawa da sauka a lokaci guda. Na biyu, layukan shafi suna sauka daga sama zuwa ƙasa, suna jeruwa daga dama zuwa hagu kamar yadda ka saba, amma kowane layin kwance a cikin harafi daga hagu ake jan sa zuwa dama, yana ɗan hawa. Na uku shi ne babba. Mai khaɗɗi yana komawa ya cike wutsiyar harafi da gefen ƙalami, ya kankare abin da ya yi yawa da wuƙa, tun da takardarsa mai sulɓi ce an shafe ta. A shodo ba a komawa kan layi. Takardar tana shanye tawada nan take, in ka maimaita, sawun na biyu zai fito fili bayan ta bushe. Duk maganar da ka ji ta zuciya a kan wannan doka ta ginu: abin da ya faru a daƙiƙa biyun nan ya zauna, ba gyara.

Zauna da tazarar dunƙulen hannu tsakanin cikinka da tebur, tafin ƙafa biyu a ƙasa, hannun hagu a kan takarda. Riƙe buroshi a tsakiyar gorarsa, a tsaye cak, babban yatsa ta ciki, manuni da na tsakiya ta waje, na huɗu yana tokare shi ta baya. Gwiwar hannu a sama, ba ta taɓa tebur. Yatsu riƙo kawai suke yi, tafiyar daga kafaɗa take. Tsoma gashin duka ya sha, sannan ka share abin da ya yi yawa a tudun dutse har tsinin ya haɗu.

Mako biyun farko kada ka wuce harafin 一, ichi, ma'anarsa ɗaya. Layi guda ne amma motsi uku ne. Saukar da tsini a karkace kamar digiri 45, daga sama ta hagu, ka ɗan tsaya. Ɗaga kaɗan ka ja zuwa dama da gudu ɗaya. A ƙarshe ka tsaya, ka danna a kusurwar da ka fara da ita, ka ɗaga a hankali. Ja numfashi kafin tsini ya sauka, ka riƙa sakin sa sannu-sannu har layin ya ƙare. Bayan nan sai 永, ei, dawwama, mai layi biyar, wanda malaman Sin da Jafan suka daɗe suna koyarwa da shi saboda ya tara motsi takwas: ɗigo, kwance, tsaye, ƙugiya, da ire-iren shara ta hagu da ta dama. Rubutun tsaye mai rarrabe layuka, kaisho, shi ne naskhinsu. Sai ya zauna ake zuwa gyosho mai ɗan gudu, sannan sosho mai gudu sosai. Samfurin da za ka kwaikwaya ya zama na magabata, kamar rubutun Ouyang Xun, gwanin rubutu na Sin, na dutsen fadar Jiucheng na shekarar 632, ana samun hotonsa a intanet. Kwaikwayon ma hawa uku ne a wurinsu: ka bi siffa kana kallo, ka bi niyyar marubucin da saurin hannunsa, sannan ka rufe samfurin ka rubuta da ka.

Yanzu tambayarka ta biyu. Mu muna cewa labarin zuciya a tambayi fuska, su kuma layi suke tambaya. An ruwaito cewa wani sarkin daular Tang ta Sin ya tambayi gwanin rubutu Liu Gongquan sirrin buroshi, ya amsa masa cewa in zuciya ta miƙe buroshi zai miƙe. A aikace ga yadda ake yi. Ware minti 45: 15 na niƙa, 20 na rubutu, 10 na kallo. Takarda goma, ba ƙari, kowace ka sa mata kwanan wata da lamba a gefe. Kada ka yaga ko ɗaya. Kashegari ka manna su a bango, ka ja baya taku uku.

In farkon layi ya kumbura kamar ƙulli, ka daɗe a tsaye kana shakkar tafiya. In tsakiya ta rame bakin biyu suka yi nauyi, ka kosa ka isa ƙarshe. Rawa a tsakiyar layi, ko ka riƙe numfashi ko ka shaƙe gorar da yatsu. Wutsiyar da ta watse kamar tsintsiya, ka ɗaga hannu kafin aikin ya ƙare. Haruffan da suke ƙanƙancewa yayin da ake sauka shafi, tsoron kada wuri ya ƙare ne. Wanda ya fi yawa shi ne harafin ƙarshe ya lalace alhali na farko sun yi kyau, ko don hankali ya riga ya tashi daga tebur, ko don ka fara murna da abin da ka rubuta kana tsoron ɓata shi. Juya takardar ka duba bayanta ma: inda buroshi ya shiga da gaske tawada ta ratsa daidai, inda ya shafa sama-sama bayan zai yi fari-fari. Bayan wata guda ka jera na ranakun da ka zauna da ɓacin rai kusa da na sauran ranaku. Ba sai wani ya yi maka bayani ba. Muhasaba ce da ake iya riƙewa a hannu.

Ɗalibin Khaɗɗi, Jidda

Allah Ya biya ku, Malam da Malama. Na gwada da buroshi da tawadar kwalba. Abu biyu suna faruwa: layin yana bazuwa gefe kamar an zuba ruwa, sannan tsinin yana rabewa biyu a tsakiyar ja. Hannuna ne ko kayan?

Mai Kurtu, Makka

Bazuwar nan naso ne, su suna ce masa nijimi. Gwada ɗigo ɗaya a gefen takarda ka ƙirga zuwa goma. In ya yi zobe mai ruwa-ruwa a kewaye, tawadar ta tsinke: ka niƙa sanda a cikinta ta yi kauri, ko ka bar ta a faranti minti kaɗan. In ɗigon ya tsaya, to buroshin ne ka cika, ko ka bar ruwan wanki a gindinsa, ko kana tafiya a hankali fiye da kima. Takarda ma a Jidda tana shan laima. Ajiye ta cikin leda a rufe, a ɗakin da mukayyif yake aiki, ka fitar da ta ranar kawai.

Rabewar tsini kusan kullum tsohuwar tawada ce ta daskare a gindin gashi ta buɗe shi. Jiƙa gashin kaɗai, ban da gorar, a ruwa mai ɗumin jiki na minti goma, ka murza gindin da yatsu, ka maimaita har baƙi ya daina fita. In sabo ne fil, duba ko kana kwantar da gorar gefe kamar biro, don hakan yana murɗe gashi. Kuma iskar mukayyif kada ta bugi teburin kai tsaye, tana busar da tawada a kan buroshi tsakanin layi da layi.

Ɗan Mai Wurno, Riyad

Salamu alaikum jama'a. Yaya Malama, ina tare da ke a komai sai wuri ɗaya. Ina tsoron yaron nan ya ɗauki kowace rawar layi a matsayin ciwon zuciya. Ga shi yanzu nasonsa ya tashi daga laima da ruwa. A shekarar farko mafi yawan aibin layi na kafaɗa ne da tawada, sai hannu ya daina zama matsala sannan abin da ya rage yake zama labarin mutum. Kuma naso da kasure, wato zara-zaran farin da buroshi mai ƙarancin tawada yake bari in ya yi gudu, aibi ne ga mai koyon kaisho, amma su ne jarin masu aikin zamani da ya tambaya a kansu.

Abin ya taso ne bayan yaƙin duniya na biyu. A 1945 Hidai Nankoku ya ɗauki tsohuwar siffar harafin walƙiya ya warware ta har ta daina karantuwa. A 1951 Ueda Sokyu ya kai wa baje kolin Nitten aikin da ya sa wa suna Ƙauna, alhali abin da ke kan takardar ya fi kama da wani harafi dabam, aka yi ta jayayya. A shekarar ce Morita Shiryu ya fara mujallar Bokubi, da aikin mai zanen Amurka Franz Kline a bangon fitowar farko. A Janairun 1952 shi da Inoue Yuichi da wasu uku suka kafa ƙungiyar Bokujinkai a Kiyoto. Matsayarsu ita ce rubutu ba gwanintar kwaikwayo ba ce kawai, wuri ne da mutum yake fitowa da dukan jikinsa a motsi ɗaya.

Inoue ne ya fi cancanta ka duba, ƙanena. An haife shi a 1916, ya rasu a 1985, malamin makaranta ne kusan duk rayuwarsa. Daren 10 ga Maris 1945, da aka yi wa Tokiyo ruwan wuta, yana gadi a makarantar Yokokawa inda mutane kusan dubu da suka fake suka mutu, shi ma a cikin gawarwaki aka tsince shi da sauran numfashi. Sai a 1978 ya rubuta wannan dare a wani babban aiki, haruffa a cunkushe suna hawa kan juna. Ya shafe shekaru yana maimaita harafi ɗaya, 貧, talauci, kuma kowanne da tsayuwarsa kamar mutum. Yana shiga cikin takardar da ƙafa, buroshi a hannu biyu, yana haɗa tawadarsa da kansa har da gam na kafinta don sawun gashi ya fito. Ƙarfin halin da ake faɗa ba kwanciyar hankali ba ce kawai, har da iya tsayawa gaban abu mai nauyi shekara talatin ba a kau da kai ba. Teshima Yukei kuma ta tsinkakkiyar tawada ya bi, aikinsa Rushewa na 1957 haruffa biyu ne. Shinoda Toko, wadda ta rasu a 2021 tana da shekara 107, ta zauna a Amurka daga 1956 zuwa 1958, ta koma gida tana jan layuka miƙaƙƙu kaɗan a cikin fili mai yawa. A wurinta za ka koyi yohaku, farin da aka bari, wanda ake auna shi kamar yadda ake auna baƙin.

Mu na Sudan abin ba baƙo ba ne a gare mu. Usman Waƙi'alla da Ibrahim El-Salahi, wanda mahaifinsa malamin allo ne a Omdurman, sun yi wa harafin Larabci kusan irin wannan a shekarun 1950 da 1960. Kuma su da Jafanawan duk sun ƙoshi da ƙa'ida kafin su karya ta. Inoue ya yi shekaru yana kwaikwayon magabata a gaban Ueda.

In lokacin babban aiki ya yi, fara da hansetsu, santimita 35 da 136, kafin cikakkiyar takarda mai 70 da 136. Shimfiɗa leda, bargo a kai, sannan takarda. Tawada a roba mai faɗi, kofi guda aƙalla, a nan ta kwalba ta fi dacewa. Durƙusa ko ka tsaya da gwiwa a lanƙwashe, nauyi a ƙugu. Bi hanyar harafin sau uku da busasshen buroshi a iska, ka san inda ƙafarka za ta koma. Riƙe faranti ƙarƙashin buroshi har ka isa inda za ka fara. Wurin da aka danna da yawa takarda tana hujewa, saboda haka a nan gudu ake ƙarawa, ba nauyi ba. Bar shi a kwance ya bushe, in ka ɗaga shi a jiƙe tawada za ta gangaro.

Alaramma Na-Misfala, Makka

Ɗana, tambayarka ta uku. Shodo a asalinsa rubutu ne. Yaran Jafan suna fara shi da buroshi a aji uku na firamare kamar yadda namu suke koyon khaɗɗi. Amma gaskiya ne wani reshe nasa ya girma a hannun malaman Zen, wata ɗariƙar addinin Buda, irin su Hakuin, wanda ya rasu a 1769, kuma akwai abubuwan da ibada ce a wurinsu: kwafar nassin Buda da suke kira shakyo, da zagayen nan na enso da ake ja da numfashi ɗaya a matsayin alamar aƙidarsu, da bikin ƙona tsofaffin buroshi a wuraren bauta. Waɗannan ka bar musu. Kada ka rubuta harafin da ba ka san ma'anarsa ba, don a cikin samfuran da ke yawo akwai sunan Buda da na abin bautarsu da kalmomin aƙida. Waɗanda ba ruwansu da wannan suna da yawa: 山 dutse, 水 ruwa, 心 zuciya mai layi huɗu, 静 natsuwa, da 忍 juriya, wanda aka gina shi da kaifin wuƙa a saman zuciya. Natsuwar da za ka samu a nan horon hannu da hankali ce, kada ka ba ta matsayin zikiri, kada kuma zaman ya ci lokacin salla.

Sai tsarki. Wasu buroshi, musamman masu arha, ana sa musu gashin alade don ƙarfi. A mazhabar Malik gashin da aka aske mai tsarki ne ko na wace dabba, Shafi'iyya da Hanbaliyya kuwa suna ganin na alade najasa ne. Ka tambayi malaminka, ko ka huta da saɓani ka nemi wanda aka bayyana gashinsa, ko na nailan. Kada ka daidaita tsini da baki kamar yadda wasu suke yi.

In sha'awa ta kai ka ga rubuta Larabci da buroshi, an riga ka: Musulmin Sin suna da salonsu, Haji Nuruddin Mi Guangjiang ya shahara da shi. Ta ɗaya ɓangaren kuma akwai Fu'ad Honda, Bajafane da ya zo ƙasar nan a shekarun 1970 yana tafinta ga masu zana taswira, ya musulunta, ya karɓi ijaza a hannun Hasan Calabi na Istanbul. Sai dai takardar da za a shimfiɗa a ƙasa a taka, ko ta gwaji da za ta ƙare a shara, kada aya ko sunan Allah su hau ta. Jaridar Larabci ma da aka ce ka yi gwaji a kai, ka duba shafin tukuna.

Mai Kurtu, Makka

Allah Ya gafarta Malam, ƙari kaɗan a kan tsarki. Nikawa yawanci daga fatar shanu ake dafa shi, kuma ba yankan Musulmi ba ne. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya duba jikin kwalbar bokuju: in an rubuta 膠 to da danƙon fata aka yi ta, in an rubuta 合成樹脂 ko 樹脂 to danƙon roba ne na masana'anta. Ta robar ta fi jure zafin nan, ba ta wari, amma tana saurin daskarewa a gashi, don haka da an ajiye buroshi a wanke shi, kada a bari sai bayan an dawo daga masallaci.